Me Ke Kashe Kifin Zinare a Gidajenmu?

A shekarar 1956 wani yaro a Ingila ya ci gasa a filin wasannin biki, aka ba shi kyautar ɗan kifin zinare, 'yan gidansu suka raɗa masa suna Tish. Kifin nan bai mutu ba sai a 1999, yana da shekara 43, har littafin bajinta na Guinness ya rubuta shi a matsayin wanda ya fi kowane ɗan jinsinsa tsawon rai. Ba kowane kifi ne zai yi kwanan Tish ba, amma shekara 10 zuwa 15 ba wani abin mamaki ba ne ga wannan halitta idan ta samu kulawa. To sai dai ka tambayi wanda ya taɓa saye wa 'ya'yansa jan kifin nan a cikin kwalba, ka ji kwana nawa ya yi. Galibi mako biyu ne, in an daɗe wata biyu. Daga nan sai a jefar da gawar, a ce ai dama ba sa daɗewa. Wannan magana ba gaskiya ba ce. Kifin zinare yana cikin kifayen ado mafi juriya da ɗan Adam ya taɓa kiwo, kuma a ganina juriyar tasa ce ta ja masa. Da a ce ranar da aka zuba shi a kwalba yake mutuwa, da tuni mutane sun daina. Amma da yake yakan daure makonni yana shan wahala shiru, sai mai shi ya ɗauka lafiya lau yake, ranar da ya kife kuwa a ce ajali ne.

Asalinsa ƙasar Sin. Kakansa wani kifin kogi ne mai launin toka daga dangin kaf, wanda ake kamawa don miya. Jefi-jefi akan samu ɗaya a cikinsu ya fito ja ko ruwan ɗorawa, sai mutane suka riƙa ware irin waɗannan suna ajiyewa a tafkunan lambu. Tun zamanin daular Tang, tsakanin 618 da 907, ake wannan kiwo, ya bunƙasa a daular Song, sannan a daular Ming, wadda ta fara a 1368, aka soma shigo da shi cikin gida a manyan tukwanen tangaram. Ya isa Turai a ƙarni na 17, ya shiga Amurka wajen 1850. Abin lura a tarihin shi ne, masu kiwon farko a tafki suke riƙon kifinsu. Sai in za a yi baƙi ake ɗebo shi a sa a ƙaramin mazubi don a gani a yaba, a mayar da shi bayan an watse. Mutanen baya ne suka ɗauki mazubin nuni suka mai da shi gidan zama na dindindin, kuma daga nan matsalar ta samo tushe. Birnin Rum na Italiya ya hana ajiye kifi a zagayayyar kwalba a 2005, ya kuma hana ba da shi kyauta a wuraren biki. A Iran, inda al'ada ce a sa kifin zinare a teburin bikin sabuwar shekara na Nauruz, an daɗe ana koke kan yawan kifin da ke mutuwa bayan biki, har a 2016 shugaban ƙasar na lokacin, Hassan Rouhani, ya yi jawabinsa da lemo a cikin kwalbar maimakon kifi.

Mu a nan akwai wani abin da ke ƙara ruɗa mu, wato tarwaɗa. Yawancinmu kifin da muka saba ganin ana kiwo ke nan. Mun ga an cusa ɗaruruwa a tankin roba, ruwa ya yi kore yana wari, suna nan suna ƙiba. Mun ga tarwaɗa ta yini a daro a kasuwa da ɗan ruwan da bai rufe bayanta ba, ba ta mutu ba. Dalili kuwa tarwaɗa tana da wata gaɓa ta musamman a cikin kanta da ke ba ta damar shaƙar iskar sarari kai tsaye. Kifin zinare ba shi da wannan. Numfashinsa ya dogara ne ga iskar oksijin da ta narke a cikin ruwa, wadda yake tacewa da jan naman nan mai kama da mataji da ke ƙarƙashin marfin kunnensa, wato mashaƙarsa. Duk wanda ya auna kifin ado da ma'aunin tarwaɗa zai yi asara.

Yanzu ga asalin zancen. Kifi a cikin ruwa ɗaya yake ci, yake numfashi, yake kashi. Kifin zinare kuma maciyi ne, ba shi da tumbi irin namu, abinci daga maƙogwaro hanji yake wucewa, shi ya sa kullum yana cikin kiwo kuma kullum yana cikin zubar da ƙazanta. Mafi hatsarin ƙazantar ba kashin da ake gani a ƙasan tanki ba ne. Wani sinadari ne mai suna amoniya, wanda kifin ke fitarwa ta mashaƙarsa dare da rana, ragowar abinci da kashi su ma in sun ruɓe shi suke zama. Amoniya ba ta da launi. Ruwa zai iya zama garau kamar a sha, alhali yana ƙona mashaƙar kifin da fatarsa. A kogi ruwa mai yawa ne ke tafiya da ita. A kwalba mai cin lita uku babu inda za ta je.

Abin da ke ceton kifi a tankin gilashi wasu ƙwayoyin bakteriya ne masu amfani. Kashi na farko suna cin amoniya su mai da ita naitirait. Ita ma naitirait guba ce, domin tana shiga jinin kifi ta hana shi ɗaukar oksijin, har jinin ya koma ruwan ƙasa, ka ga kifi yana haki a ruwan da ke cike da iska. Kashi na biyu na bakteriyar su ne ke mai da naitirait ta zama naitiret, wadda ba ta da illa sosai sai in ta taru, kuma ita ce ake ragewa da canjin ruwa. Waɗannan ƙwayoyi ba yawo suke yi a cikin ruwa ba. Manne suke a jikin abubuwa: tsakuwa, bangon gilashi, musamman soson da ke cikin filta. Saboda haka babban aikin filta ba tsane datti ba ne kamar yadda ake zato. Gida ne na bakteriya, wanda ruwa mai iska ke ratsawa ba tsayawa. Kuma ba a kwana ɗaya suke taruwa ba. Sabon tanki yakan ɗauki mako huɗu zuwa shida kafin su yi yawan da za su iya da ƙazantar kifi.

Wanda ya fahimci wannan ya fahimci dalilin mutuwar mako biyun nan. An sayo tanki da kifi rana ɗaya, an cika da ruwan famfo, an zuba kifi shida, yara suna ta watsa abinci don murna. Babu bakteriya ko ɗaya. Amoniya ta hau a makon farko, naitirait ta biyo baya a na biyu, kifi suka fara faɗuwa ɗaya bayan ɗaya. Ya kuma fahimci dalilin da ya sa masu tsabta suka fi kowa kashe kifi. Uwargida ta ga ruwa ya yi duhu, ta kwashe kifin ta sa a bokiti, ta zubar da ruwan kakaf, ta wanke tanki da tsakuwa da soso da omo, ta ɗauraye tas, ta zuba sabon ruwa. Niyyarta alheri ce, amma ta kashe duk ƙwayoyin da suka fara kafuwa, ta mai da tankin sabo fil, ga kuma ragowar sabulu wanda shi kansa guba ne ga kifi. Sabulu ko omo ba sa kusantar tankin kifi da kayansa har abada. Soson filta kuwa a cikin tsohon ruwan da aka ɗebo daga tankin ake matse shi a hankali, a mayar da shi yana nan da launinsa na ƙasa-ƙasa.

Hanyar da ta dace ita ce a sayi tanki tukuna, kifi daga baya. A cika shi, a kunna filta, a riƙa jefa ɗan abincin kifi kaɗan kullum a tankin da babu kowa, ya ruɓe ya ciyar da bakteriya. Wanda ya san mai tsohon tanki lafiyayye zai iya roƙon guntun sosonsa ya sa a tasa filtar, wannan yana rage jiran ƙwarai. Akwai kayan gwajin ruwa da ake ɗiga magani a ɗan kwalba a duba launi, kuma ina ganin sun fi duk wani kayan ado da za a saka a tanki daraja. Abin da ake nema shi ne amoniya sifiri, naitirait sifiri, naitiret ƙasa da miligiram 40 a lita. Idan kuwa aikin gama ya gama, kifi yana gida tun kafin a san wannan, to sai a rage abinci sosai, a riƙa canza kashi ɗaya cikin uku na ruwan kullum ko bayan kwana bibbiyu har tankin ya kafu.

Batun girman tanki shi ne inda masu saye suka fi jin zafi, don nan kuɗi yake. Ɗan kifin da ake sayarwa kamar yatsa jariri ne. Mai dogon jiki da wutsiya guda, irin su komet da shubunkin, yakan kai tsawon santimita 30, kuma gaskiya wannan kifin tafki ne. Masu dunƙulallen jiki da wutsiya biyu, irin su oranda da ryukin da baƙin nan mai fitattun idanu, sukan kai santimita 15 zuwa 20. Ƙa'idar da masu kiwo suka daɗe a kai ita ce lita 75 ga kifi na farko daga cikin masu wutsiya biyu, wato jarka uku masu cin lita 25, sannan a ƙara kamar lita 40 ga kowane kifi da ya biyo baya. Za ka ji mai sayarwa ya ce kifi daidai mazubinsa yake girma. Gaskiyar da ke cikin maganar ita ce kifin da ke ƙaramin wuri yakan tsumbure, amma tsumburewar ta gurɓataccen ruwa da wahala ce, ba dabara ba ce. Shaida tana nan a inda aka saki irinsa a ruwa mai faɗi. A kogin Vasse na yammacin Ostireliya masu bincike sun kama kifin zinare mai nauyin kusan kilo biyu. A 2021 hukumomin garin Burnsville a jihar Minnesota ta Amurka sun fito da hotunan manya-manyan da aka kamo a wani tafki, suna roƙon jama'a su daina sakin kifinsu a can, domin yana tone ƙasan ruwa, yana tuge tsirrai, yana ɓata wa kifayen asali muhalli. Wannan roƙo ya shafe mu. Wanda ya gaji da kifinsa ya ba wani ko ya mayar wa mai shago, kada ya kai shi dam ko kogi.

Siffar tankin ma tana da muhimmanci. Oksijin ta saman ruwa take shiga, inda ruwa ya haɗu da iska, saboda haka dogon tanki mai faɗin baki ya fi tsukakke mai zurfi ko da ruwansu ɗaya ne. Zagayayyar kwalba ta haɗa aibi uku: ruwa kaɗan, baki tsukakke, ba wurin filta. A kuma tuna lita ɗaya kilo ɗaya ce. Tanki mai lita 120 da gilashinsa da yashinsa ya fi buhun masara biyu na kilo 50 nauyi, ba kowane tebur ne zai ɗauke shi ba.

Sai matsalar da littattafan Turawa ba su cika damuwa da ita ba, mu kuwa ita ce babbar tamu: zafi. Kifin zinare na ruwan sanyi ne. Ya fi jin daɗi tsakanin digiri 18 da 23 a ma'aunin Salsiyos. Sanyi ba ya ba shi tsoro ko kaɗan. Danginsa na daji sukan yi watanni a ƙarƙashin ƙanƙara a ruwan da oksijin ta ƙare, kuma a 2017 masana daga jami'o'in Oslo da Liverpool suka bayyana yadda jikinsu ke yin haka, ta hanyar mai da gubar da ke taruwa a tsoka ta zama sinadarin barasa ta fita ta mashaƙa. To amma wannan baiwa ta lokacin sanyi ce, sa'ad da jiki ya lafa. A zafi lissafin juyewa yake. Ruwa mai digiri 20 yana riƙe oksijin kimanin miligiram 9 a lita, mai digiri 30 kuwa kimanin 7.5. A daidai lokacin da iskar ke raguwa, buƙatar kifin tana hauhawa, domin duk ƙarin digiri goma yakan kusan ninka aikin jikinsa. Ya ƙara ci, ya ƙara fitar da amoniya, ita kuma amoniyar ta fi dafi a ruwa mai ɗumi. A Kano da Sakkwato da Maiduguri da Yamai, inda zafin Afrilu ke haura digiri 40, ƙaramin tanki a ɗaki mai rufin kwano zai iya wuce digiri 30 cikin sauƙi. Lokacin hunturu kifin zinare a garuruwan nan lafiyarsa ƙalau. Bazara ce ke gwada mai kiwo. Mutumin Jos ya fi mu sa'a a nan.

Akwai dabaru, kuma ba masu tsada ba ne. A ajiye tanki a ɗakin da ya fi sanyi a gida, nesa da taga da hasken rana. A buɗe murfinsa a rufe da raga, don kifin yana iya tsalle. A sa ƙaramar fanka tana hura saman ruwan, za ta sauke zafin da digiri biyu ko uku, kamar dai yadda randa ke sanyaya ruwa ta hanyar tsatsafo da iska ke busarwa. A rage abinci a kwanakin tsananin zafi. In abin ya ƙi, a jefa gorar ruwa mai ƙanƙara a rufe ta yi yawo a sama, amma kada a kwarara ruwan firiji kai tsaye, don saurin canjin ya fi zafin kansa illa. A nan ma babban tanki ya fi, saboda ruwa mai yawa ba ya saurin ɗaukar zafi. Abu guda da ake mantawa: ruwan da ya ƙafe shi kaɗai ya tafi, ya bar gishiri da ƙazanta a baya. Cike gurbin abin da ya ƙafe ba canjin ruwa ba ne.

Zafi kuma tare yake zuwa da ɗaukewar wuta. Da filta ta tsaya, ruwa ya daina motsi, oksijin ta fara raguwa, bakteriyar da ke cikin soso su ma su fara galabaita don da iska suke rayuwa. Shi ya sa nake ganin filtar soso, wadda ɗan famfon iska ke turawa, ta fi dacewa da mu a kan manyan injina masu tsada. Wutar da take ci kaɗan ce, kuma akwai famfunan iska masu batir ko masu aiki da fawa-bank na cajin waya, ga sola ga mai hali. Wanda ba shi da tanadin abin da zai ba kifinsa iska in an ɗauke wuta a daren bazara, bai gama shirin sayen kifi ba. Idan aka shammace ka, ka dakatar da abinci, ka riƙa ɗibar ruwan tankin da kofi kana kwararo shi daga sama lokaci-lokaci. Alamar ƙarancin iska ba ta ɓuya: kifaye sun taru a sama suna buɗe baki.

Ruwan da za a zuba shi ma sai an san daga ina ya fito. Ruwan famfo na hukuma akwai kulorin a ciki, wanda ke kashe bakteriya kuma yake ƙona mashaƙar kifi. Kulorin zalla yakan fice in an bar ruwa a buɗe kwana ɗaya ko biyu, amma akwai nau'in da ake haɗawa da amoniya wanda ba ya fita da ajiya, don haka maganin kashe kulorin da ake sayarwa a shagon kifi ya fi kwanciyar hankali. Ruwan burtsatse da na rijiya ba su da kulorin, sai dai suna fitowa da ƙarancin oksijin, ya kamata su kwana a buɗe ana hura musu iska. Ruwan 'yan garuwa sai a yi hattara da jarkar, ko ta taɓa ɗaukar fetur ko kananzir ko sinadari. Ruwan da aka sa wa alif ko maganin tsarkake ruwan sha bai dace ba. Kowane ne dai aka zaɓa, a tsaya a kansa, domin kifin zinare yana iya sabawa da ruwa iri-iri, abin da ba ya so shi ne yau wannan gobe wancan. Tsarin canji kuwa mai sauƙi ne: kowane mako a zuƙe kashi ɗaya cikin huɗu zuwa rabi da tiyo, ana bin ƙasa ana tsotse kashin da ya kwanta, a mayar da sabo mai zafi daidai da na tankin. Ba a fitar da kifin. Tsohon ruwan kuma taki ne mai kyau ga shukar gida.

Wani makashin da ya keɓanta da gidajenmu shi ne maganin sauro. Sinadaran da ke cikin fesawa da igiyar hayaƙi da su ota-fiya-fiya suna da mugun dafi ga kifi, ɗan kaɗan ya isa. Famfon iska kuma zuƙar iskar ɗakin yake yi ya tura cikin ruwa, wato shi da kansa zai kai gubar. Mutum zai fesa ɗaki da magariba, ya rufe ƙofa, da safe ya tarar da kifi duk sun mutu, ya rasa dalili. Ɗakin da tanki yake a nemi wata hanyar korar sauro, ko gidan sauro ko raga a taga. In dole ne, a kashe famfon, a lulluɓe tankin ruf, kada a buɗe sai iska ta wanke ɗakin. Haka hannun da ke da man shafawa ko turare, a ɗauraye shi da ruwa zalla kafin a tsoma.

Abinci ba ya buƙatar dogon bayani, kalma ɗaya ce: a rage. Sau ɗaya ko biyu a rana, abin da za su cinye cikin minti biyu. Kifin zai ci gaba da zuwa gaban gilashi yana roƙo, wannan ɗabi'arsa ce, ba yunwa ba ce. Lafiyayyen babban kifi zai yi kwana uku ko huɗu ba abinci ba abin da zai same shi, saboda haka mai tafiyar ƙarshen mako gara ya bar shi haka da ya ba maƙwabci gwangwanin abinci. Ƙwayoyin abincin da ke nutsewa sun fi masu yawo a sama, musamman ga masu dunƙulallen jiki. A haɗa musu da ganye, dafaffen alayyahu ko latas ko koren wake da aka ɓare. Burodi da tuwo da shinkafa ɓata ruwa kawai suke yi. Abincin tarwaɗa kuwa an haɗa shi ne don kifi ya yi nauyi cikin 'yan watanni a kai shi kasuwa, maiƙonsa da furotin ɗinsa sun yi wa kifin da ake so ya shekara goma yawa.

Idan kifi ya kwanta a ƙasa, ya tsuke fika-fikansa, ko jan jini ya fito a wutsiyarsa, ko gefenta ya fara zagwanyewa, abin da mutane ke fara yi shi ne neman magani. Wasu har kafso na mutane suke ɓarewa su zuba. Wannan kuskure ne babba, don maganin kashe ƙwayoyin cuta zai iya kashe bakteriyar filta, ya ƙara dagula abin da ya jawo ciwon. Ruwa ba ya tsami banza. Mafi yawan cututtukan kifin zinare ƙwayoyinsu suna nan tare da shi, ba sa samun galaba sai ruwa ya raunana shi. Matakin farko kullum shi ne a gwada ruwa, a canza rabinsa, a ƙara iska, a dakatar da abinci kwana ɗaya ko biyu. Sau da yawa wannan kaɗai ya wadatar.

Akwai dai cututtukan da ke buƙatar a san su. Mafi yawa ita ce farin ɗigo, inda jiki da fika-fikai ke fesowa da ƙananan fararen ƙuraje kamar an barbaɗa gishiri, kifin yana goga jikinsa da duwatsu. Wata ƙwayar halitta ce ke shiga ƙarƙashin fata. In ta ƙoshi sai ta faɗo ƙasan tanki, ta rufe kanta, ta rarrabu ɗaruruwa, 'ya'yan su fito neman kifi. Magani ba ya samunta sai a wannan mataki na yawo, shi ya sa ake ci gaba da shi kwanaki bayan ɗigon ya ɓace. Gishiri zalla, giram ɗaya zuwa uku a kowace lita, wanda aka narkar aka zuba a hankali, yana taimakawa a nan, yana kuma rage illar naitirait. Kada a rikita wannan da fararen ƙurajen da ke fitowa a marfin kunne da fiffiken gaba na namiji lokacin barbara, waɗannan alamar lafiya ce. Akwai kuma kifin da ke kifewa ko ya kasa nutsewa, matsalar jakar iskar da ke cikinsa, wadda ta fi kama masu dunƙulallen jiki domin an matse kayan cikinsu wajen neman kyan siffa. Azumin kwana biyu da koren wake yakan taimaka in cushewar ciki ce. Wanda cikinsa ya kumbura har ɓawon jikinsa ya miƙe tsaye kuwa, yawanci ƙoda ce ta gaza, kuma da wuya ya tashi. Mafi yawan ƙwari da tsutsotsi da sabon kifi suke shigowa, don haka baƙo ya yi mako biyu zuwa huɗu a wani mazubi dabam kafin a haɗa shi da 'yan gida, kuma ruwan ledar shago kada ya shiga tanki. Mai rauni a hannu ya sa safar roba, domin akwai ƙwayar cutar kifi da ke iya shiga fatar mutum ta miki.

A nan zan faɗi ra'ayina kan wasu nau'o'in. Akwai wanda aka ƙirƙiro da jakunkunan ruwa a ƙarƙashin idanu, da wanda idanunsa suka kafe suna kallon sama, da wanda naman kansa ke girma har ya rufe masa gani. Ban ga kyau a halittar da aka nakasa da gangan ba, kuma ba na ba sabon mai kiwo shawarar sayensu. Mai wutsiya biyu na gama-gari ya fi su lafiya nesa ba kusa ba. Kada kuma a haɗa masu sauri da masu nauyin jiki, na farkon za su cinye abincin.

Wani zai ce duk wannan wahala a kan kifi? An daɗe ana yaɗa cewa kifin zinare ba ya tuna abin da ya wuce daƙiƙa uku, kuma ina zargin wannan magana ta samu karɓuwa ne don tana sanyaya zuciyar mai kwalba. Gwaje-gwaje sun nuna yana riƙe abin da ya koya har watanni. A 2022 masu bincike a jami'ar Ben-Gurion sun wallafa yadda suka koya wa kifin zinare tuƙa wata 'yar mota mai ɗauke da tankinsa zuwa wata alama a bango don ya samu abinci. Yana jin sauti sosai, shi ya sa ƙwanƙwasa gilashi ke firgita shi. Ba shi da fatar ido, saboda haka yana buƙatar a kashe masa fitila da dare ya huta. Halitta ce mai ji, kuma tunda mu muka tsare ta, haƙƙinta yana wuyanmu. Kowane Musulmi ya san hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nema da kanta ba. Kifin da ke cikin gilashi ya fi kyanwar nan rashin mafita, don ko kuka ba ya iya yi.

Saboda haka, mai karatu, in yara sun matsa maka a gaban mai sayar da kifi, ka yi lissafi kafin ka sa hannu a aljihu. Kana da wurin tanki mai lita ɗari ko fiye? Kana da abin ba da iska in babu wuta? Akwai wanda zai ɗauki nauyin canjin ruwa kowane mako, har da makon da sha'awar yaran ta wuce? In garinku mai tsananin zafi ne kuma ɗakin ba ya sanyi, ƙananan kifayen ƙasashen zafi irin su gufi da moli sun fi dacewa, ko da yake su ma suna buƙatar filta da tsabtataccen ruwa. In amsoshin sun yi daidai, ka sayi tankin yau, ka dawo ɗaukar kifi biyu bayan mako shida. In ba su yi ba, don Allah ka bar shi a shago.